Daga Ruwan Zafin Akiri Zuwa Duwatsun Eggon da Farin Ruwa: Jagorar Mai Ziyara Daga Lafia

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Akwanga da sassafe ya nufi Lafia ya san wurin nan a ƙasar Nasarawa Eggon, inda hanya take lanƙwasa tana gangara, duwatsu na tsaye a gefe, hazo ya naɗa musu rawani. Yawancinmu ta tagar mota muka san duwatsun nan. Haka kuma mutane da dama a Lafia sun ci gishirin Keana da na Awe a miya tun suna yara, amma ba su taɓa taka inda ake dafa shi ba, balle su ga marmaron da ruwansa ke ɓuɓɓugowa da zafi daga ƙasa, ba wuta ba itace.

A ƙasashen Turai masu tsaunuka mutane kan yi tanadin shekara guda domin su je bakin tabki mai ɗumi su huta. A kudancin Ostiriya akwai tabkuna a tsakanin tsaunuka waɗanda ruwansu kan kai digiri 28 a lokacin zafi, kuma rana ce ke ɗumama su. Mu a nan Allah ya ba mu irin wannan ni'ima, sai dai ya raba mana ita gida uku. Ruwan zafi da gishiri suna kudu maso gabas, a ƙananan hukumomin Awe da Keana. Tabkuna suna kwance a kwarin Binuwai. Duwatsu da ruwan da ke faɗowa daga kansu suna arewa, wajen Nasarawa Eggon da Wamba. Lafia kuwa tana tsakiya, kamar murhu tsakanin duwatsunsa uku.

Abu guda nake so mai karatu ya riƙe daga farkon jagorar nan har ƙarshenta: kowane ruwa da halinsa, kuma masu wuri ne suka san halin. Wanda ya shiga ta hannunsu zai dawo gida da labari mai daɗi.

Yadda ƙasar take

Jihar Nasarawa an ƙirƙiro ta ne daga jihar Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996, tana da ƙananan hukumomi 13, Lafia ce babban birninta. Arewa maso gabashin jihar ya jingina da tsaunin Jos, wanda tsayinsa ya haura mita 1,200 daga gaɓar teku. Kudancinta kuwa ya gangara zuwa kogin Binuwai. Wannan bambancin ne ya sa ake samun ruwa iri-iri a jiha ɗaya.

Masana ilimin ƙasa sun ce kwarin Binuwai ya samu ne fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da nahiyar Afirka ta rabu da Kudancin Amurka. Ƙasa ta tsage ta lotsa, teku ya shigo ya kwanta, da ya janye sai ya bar gishirinsa a cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Shi ne asalin gishirin Awe da Keana da Azara. Zafin ruwan ma yana da dalili. Duk kilomita ɗaya da aka nutsa cikin ƙasa, zafi kan ƙaru da kimanin digiri 25 zuwa 30. Ruwan sama yakan bi tsagar dutse ya yi zurfi, ya ɗauki zafi da gishiri a can, sannan ya sami wata tsagar ya dawo sama kafin ya huce. A kan dutse kuwa akasin haka ne: duk mita 1,000 da aka hau, sanyi kan ƙaru da kimanin digiri 6. Shi ya sa ruwan da ke gangarowa daga Filato yake da sanyin randa ko da rana ta take.

Yaushe ya kamata a je?

Damina a ƙasar Lafia takan fara wajen Afrilu ta kai Oktoba. A watannin Agusta da Satumba Farin Ruwa, wato ruwan da ke faɗowa daga dutse a ƙasar Wamba, yakan cika ya batse, ana jin rurinsa tun daga nesa, amma a lokacin ne hanyoyin karkara suke caɓewa, rafuka su yanke hanya, dutse ya yi santsi. Binuwai ma a ƙarshen damina yake tumbatsa, kuma mutanen bakin kogi ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba. Daga Fabrairu zuwa Afrilu kuma zafi ne mai gasa fata, hawan dutse a cikinsa azaba ne.

Saboda haka lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Janairu. Hanya ta bushe, ruwa bai ƙafe ba, ciyawa ta fara kwantawa, hunturu ya kawo sanyin safiya. Mai son ganin dafa gishiri sosai sai ya ɗan jinkirta zuwa tsakiyar rani, domin sana'ar da rana take tafiya. In son samu ne a ware kwana uku: yini guda na kudu, yini guda na duwatsun Eggon, yini guda na Farin Ruwa. Kada a haɗa kudu da arewa a yini ɗaya, dare zai riski mutum a hanya.

Shiri kafin a bar gida

Shiri na farko shi ne tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu sassan jihar nan sun sha fama da rikicin manoma da makiyaya, an kuma sha jin labarin masu garkuwa da mutane a wasu hanyoyi. Hali yana canzawa daga wata zuwa wata, har daga mako zuwa mako. Kwana biyu kafin tafiya ka je tashar motocin garin da za ka, ka zauna da direbobi da ɗan kamasho, ka tambaye su yadda hanya take a makon nan. Ka kuma nemi wani ɗan asalin yankin da ke zaune a Lafia, ko a wurin aiki ko a masallaci ko a kasuwa, ya haɗa ka da ɗan'uwansa na gida. In mutum biyu suka ce maka a dakata, to ka dakata. Dutse da ruwa ba inda za su je.

Na biyu, a tafi cikin ayari. Mutum huɗu zuwa takwas sun isa. A bar wa na gida sunayen masu tafiya, da inda aka nufa, da lokacin da ake sa ran dawowa. A tashi bayan sallar asuba da gari ya waye, a kuma juyo tun kafin la'asar, yadda magariba za ta yi ana cikin gari.

Na uku, mota. A nemi mai tashin ƙasa, a duba taya da safaya da jak da birki da ruwan lagireto. A cika tanki tun daga Lafia ko Akwanga. A ƙarshen tafiya sau da yawa sai an hau babur ko an taka da ƙafa, don haka a riƙe canjin kuɗi a hannu, domin sabis ɗin waya yakan ɗauke a ƙauyuka, tura kuɗi ta waya ba abin dogaro ba ne.

Na huɗu, kayan jaka. Ga abin da bai kamata a bari ba: ruwan sha aƙalla lita 3 ga kowane mutum a yini, takalmi sau-ciki mai kama ƙasa, dogon wando da riga mai dogon hannu, malafa ko hula, tocilan, abin cajin waya na tafi-da-gidanka, tawul da kayan canji, bokiti ƙarami da moɗa, buta da darduma, ledar zuba shara, bandeji da filasta da farasitamol, da ƙunshin gishiri da sukari na maganin bushewar jiki. Guzuri kuwa a zaɓi wanda ba ya lalacewa da wuri: ƙuli-ƙuli, dabino, soyayyar gyaɗa, kantun riɗi, garin kwaki, dafaffen ƙwai, lemu da ayaba. A sayi goro ko ɗan abin gaisuwa na kai wa mai gari.

Musulmi matafiyi ya tuna cewa a mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, ana yin ƙasaru a cikinta. Tafiyar Farin Ruwa ta haura haka.

Shiga gari ta ƙofa

Da ɗan gari akan ci gari. Duk ƙauyen da kuka isa, kafin kowa ya fito da waya ya fara ɗaukar hoto, ku tambayi gidan mai gari ko mai unguwa. Babban cikinku ya shige gaba, a cire takalmi, a durƙusa a gaisa. Magana kaɗan ta isa:

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Mu baƙinka ne daga Lafia. Mun zo ganin ruwan nan da Allah ya albarkace ku da shi. Muna neman izini, a kuma haɗa mu da wanda zai yi mana jagora."

Hausa tana tafiya a kusan duk kasuwannin jihar, amma ƙasar ta al'ummu da yawa ce. Akwai Alago a Keana da Doma da Obi, akwai Jukun da Tibi da Hausawa da Fulani a ƙasar Awe, akwai Eggon a duwatsunsu, Mada a Akwanga, Rindre da Kulere a ƙasar Wamba. Kowace da sarautarta: Osana na Keana, Andoma na Doma, Aren Eggon, Chun Mada, Oriye Rindre. Ka koyi gaisuwa ko guda ɗaya da harshen masu wuri, za ka ga yadda fuska ke sakewa. A daidaita ladan ɗan jagora tun kafin a tashi, a gaban shaida, a kuma biya shi cif da an dawo.

Ruwan zafi da gishiri

Daga Lafia a kama hanyar Obi. Mai zuwa Keana daga Obi zai ratse, mai zuwa Awe ya miƙe. Akiri kuwa tana can bayan Azara, garin da aka sani da haƙar ma'adinin barayit. Marmaron Akiri yana cikin mafiya zafi a Najeriya, ma'aunin masana ya nuna zafinsa ya haura digiri 50. Domin a gane bambanci, marmaron Wikki na gandun dajin Yankari a jihar Bauchi, wanda mutane ke ninƙaya a cikinsa, digiri 31 yake dare da rana. A garin Awe ma akwai marmaro mai ɗumi a tsohon gari kusa da wurin gishiri, wanda bai kai na Akiri zafi ba.

Ka yi ƙoƙari ka isa da hantsi bai ɗaga ba, musamman a hunturu. A lokacin za ka ga tururi na tashi daga fuskar ruwan kamar an buɗe tukunyar tuwo, ƙananan kumfa na fitowa daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, gefen ruwan ya yi farin ɓawo na gishiri. In ka ɗanɗana ɗigo a harshe za ka ji gishiri da ɗan bauri. Ka tsaya ka yi tasbihi, domin abin na ban mamaki ne.

Ga ƙa'idar wannan ruwa. Wankan da ya wuce digiri 40 yana wahalar da jikin ɗan'adam, ruwan da ya haura 50 kuwa yana ƙona fata cikin ɗan lokaci. Saboda haka kada ka tsoma ƙafa a idon marmaro. Ka bi malalar ruwan ƙasa inda ya huce, ka gwada da bayan hannu tukuna. Mafi kyau ka ɗebo a bokiti, ka sirka ko ka bari ya sha iska, ka koma gefe ka yi wanka da moɗa, yadda sabulu ba zai koma cikin marmaro ba. In ka sami wurin zama a ruwan mai ɗumi, kada ka wuce minti 15, ka fito ka sha ruwan sanyi. Da ka ji jiri ko bugun zuciya ka fita nan take. Kada ka nutsar da kai, domin akwai wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi wadda ta hanci take shiga. Mace mai ciki, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mai ciwon sukari wanda ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, da ƙananan yara, su tsaya ga kallo da shafa a hannu. A tambayi ɗan jagora wurin maza da wurin mata, a kuma kiyaye sutura.

Mutane da yawa sun yi imani ruwan yana maganin ƙaiƙayi da ciwon gaɓoɓi. Gaskiya ne ruwan ɗumi yana sakin jijiya yana rage tsamin jiki, amma mai ciwo ya ci gaba da maganin da likita ya ba shi. Kada kuma a ɗura a jarka a kai gida don sha, gishirinsa ya yi yawa ga ƙoda da mai hawan jini.

Kafin ku juyo, ku tsaya wurin masu gishiri a Awe ko Keana. Sana'ar mata ce, 'ya ta gada daga uwa, kuma tun zamanin fatake gishirin nan yake shiga kasuwanni masu nisa. Za ka ga mace ta ɗebo ruwan gishiri daga tafki ta yayyafa a kan ƙasar da aka baje, rana ta busar da ita har ta yi fari. Sai a kankare ƙasar a zuba a manyan tukwane masu huda a gindi, a ƙara ruwan gishiri a kai, ya riƙa tsiyaya a hankali cikin wani mazubi. Wannan tataccen ruwa shi ake ɗorawa a wuta, ana iza itace ana jira, har ruwa ya ƙone gishiri ya kwanta fari tas. Aiki ne na hayaƙi da ciwon baya. Ka gaishe su da "Sannunku da aiki, Inna," ka nemi izini kafin hoto, ka sayi tsaraba ba tare da matsa ciniki ba. A gida kuma kada a daina amfani da gishiri mai sinadarin aidin, domin shi ke kare iyali daga maƙoƙo.

Tabki

Tabkin Hunki yana ƙaramar hukumar Awe, can wajen Tunga kusa da Binuwai. Tsohuwar hanyar kogi ce. Kogi yakan yi gwiwa, wata shekara ambaliya ta yanke masa gajeriyar hanya, gwiwar ta rage ita kaɗai ta zama tabki mai siffar lauje. Wanda bai sami zuwa can ba yana iya bin hanyar Shendam zuwa tabkin Pandam, da an tsallaka iyakar jihar Filato kaɗan, a ƙaramar hukumar Qua'an Pan, inda akwai gandun namun daji.

Ruwan tabki yana da ɗumi da rana, a kwance yake lumui, kuma wannan kwanciyar ce ke yaudarar baƙo. Shawarata ita ce kada a yi iyo. Dalili na farko tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan katantanwa na ruwa mai kwanciya, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, sai bayan makonni ya ga jini a fitsari. Wanda ya riga ya shiga ya ga wannan alama ya je asibiti, maganinta yana nan kuma yana aiki. Dalili na biyu, ƙasan tabki laka ce mai riƙe ƙafa, da ciyayi da tsoffin komaye. Na uku, ruwayen kwarin Binuwai gidan dorina da kada ne. Dorina ta fi haɗari in tana da ɗa, ko in mutum ya shiga tsakaninta da ruwa. Ayu ma yana cikin ruwayen nan, shi ba ya cutar da kowa, mu ne muke cutar da shi, kuma doka ta hana farautarsa.

Daɗin tabki yana cikin kwale-kwale da sassafe ko da yamma. Ka nemi sarkin ruwa ko babban masunta ya zaɓa maka matuƙi. Ka duba jirgin da idonka, in ana kwarfar ruwa ba ƙaƙƙautawa ka nemi wani. In matuƙi ya ce mutum huɗu, kada a roƙe shi ya ƙara na biyar. Kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, in babu a can to a zo da ita daga gari. A zauna a tsakiya, ba tashi tsaye don hoto, ba leƙawa gefe ɗaya gaba ɗaya. In hadari ya haɗu ko iska ta taso a koma gaɓa. Sauran kuwa kallo ne: balbela da zalɓe da agwagin ruwa, masunci na jefa birgi yana buɗewa kamar laima, hayaƙin banda na tashi daga bukkoki. A sayi kifi a hannun masu shi.

Duwatsun Eggon

Nasarawa Eggon tana kimanin kilomita 30 daga Lafia a kan hanyar Akwanga, don haka wannan ita ce tafiya mafi sauƙi. Kakannin Eggon a kan duwatsun nan suka zauna, suka yi noma a kan tudu ta hanyar jera duwatsu suna tare ƙasa, suka kare kansu daga mahara. A zamanin Turawa da bayansa ne akasarin jama'a suka sauko bakin hanya. Saboda haka dutsen da kake hawa kufan kakannin wasu ne. Akwai kaburbura da wuraren al'ada da ba a shiga. Abin da ɗan jagora ya ce kada a taɓa, kada a taɓa, kada kuma a ɗauko ko da tsingaro ne.

A fara hawa kafin ƙarfe 7 na safe. A sa mafi rauni a gaba bayan ɗan jagora, domin tafiyarsa ce ma'aunin ayari. A yanki sanda. A taka a hankali da gajerun taku, a huta minti 5 bayan kowane rabin sa'a, a riƙa kurɓar ruwa tun ƙishi bai zo ba. Sannu ba ta hana zuwa. Kada ka zura hannu a kogo ko ƙarƙashin dutse inda idonka bai gani ba. In ka ji kukan ƙudan zuma ka canza hanya, ka kuma bar turare mai ƙarfi a gida. Kada a jefar da guntun sigari ko a kunna wuta, domin a kaka da rani ciyawa kamar fetur take, kuma gonakin mutane na ƙasa. Da ka kai sama za ka ga hanyar Lafia ta zama zare, gonakin doya da dawa sun shimfiɗu har iyakar gani, iska mai sanyi na kaɗa riga. Ka sani saukowa ta fi hawa haɗari, domin gwiwa ta gaji, tsakuwa na zamewa. A fara sauka kafin azahar.

Farin Ruwa

Daga Lafia zuwa Farin Ruwa kimanin kilomita 120 ne: a bi Akwanga, a shiga Wamba, daga nan kuma kamar kilomita 30 zuwa bakin iyakar Filato, kusa da ƙauyen Masenge. Ƙarshen hanyar da ƙafa ake ƙarasawa cikin kurmi. An ƙiyasta tsayin faɗowar ruwan da mita 150, wato ya ɗara shahararriyar mafaɗar ruwan Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, mai mita 108, ko da yake waccan ta fi faɗi da yawan ruwa nesa ba kusa ba. Sunan kuwa daga gani ne. Ruwan na dukan dutse yana farfashewa, daga nesa sai ka ce an shanya farin alawayyo a jikin tsauni.

Tun kafin ka gan shi za ka ji shi. Sannan iska ta canza, feshi ya fara sauka a fuska, magana sai da ɗaga murya. A nan ne ake bukatar natsuwa. Dutsen da feshi ke jiƙawa yana da gansakuka mai santsin karkashi. Kada ka taka baƙin dutse mai sheƙi, kada ka ja da baya kana kallon waya, kada ka shiga kwarmin da ruwa ke faɗawa, domin ƙarfinsa yana danna mutum ƙasa komai iya iyonsa. Ruwan sama yana iya zuba a kan Filato alhali inda kake rana ce. In ka ga ruwa ya fara ja, ko ya ɗauko ganye da itace, ko rurinsa ya ƙaru, ku hau tudu ba tare da shawara ba. Yara kuwa hannunsu a hannun babba daga farko har ƙarshe. A sa waya a leda, a rufe hannu da ƙafa saboda ƙananan ƙudaje masu cizo da ke son bakin ruwa mai gudu.

In tsautsayi ya faɗa

Kwarin Binuwai ƙasar kububuwa ce, wadda ake kira gobe-da-nisa, akwai kuma kasa da kumurci. In maciji ya sari wani, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da takalmi, a ɗaura wa gaɓar sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi a kai asibiti mafi kusa da gaggawa. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, kada a ɓata lokaci wajen neman macijin. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum yana iya jin sauƙi yau gobe jini ya ɓalle, kuma allurar kashe dafi ce maganinsa. Wanda zafi ya buge, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita. In yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa lita 1 da aka zuba wa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali. Wanda ruwan zafi ya ƙona, a riƙa zuba wa wurin ruwa mai sanyi kamar minti 20, ba manja, ba man goge baki, ba ƙwai. Wanda ya faɗo daga dutse yana kukan wuya ko baya, kada a tattaro shi kamar buhu, a nemi ƙyaure ko katako a shimfiɗe shi a kai.

Haƙƙin masu wuri

Marmaron da ka je kallo wurin wankan wasu ne. Tabkin da ka ɗauka a hoto shi ne gonar masunci. Rafin da ke fita daga Farin Ruwa shi mutanen ƙauye ke sha. Duk ledar ruwa da gorar lemo da ka kai, ka dawo da ita gari. Kada ka rubuta sunanka a jikin dutse. Kada ka ratsa gona, kada ka tsinki mangwaro ko yazawa sai an ba ka. Abincinka da tsarabarka ka saya a hannun mutanen wurin, doya ce ko riɗi ko zuma ko kifi ko gishiri, domin kuɗin da ya zauna a ƙauye shi ke sa masu wuri su ga amfanin kiyaye abin da suke da shi. Da za ku tafi ku koma wurin mai gari ku yi sallama da godiya.

Ina kira ga hukumomin jiha da na ƙananan hukumomi su gyara hanyoyin da ke kaiwa waɗannan wurare, su kafa alluna da makewayi, su horar da matasan ƙauyukan aikin jagora da taimakon gaggawa. Ina kira ga malaman makarantu da iyaye su shirya wa yara irin wannan ziyara da tsari, domin yaron da ya ga tururin Akiri da idonsa ba zai manta darasin ƙasa ba har ya tsufa.

Kai kuma mai karatu, gani ya kori ji. Ka fara da na kusa: Asabar ɗin farko da hunturu ya shigo, ka tara abokai huɗu, ka nemi ɗan gari, ku hau duwatsun Eggon ku dawo kafin la'asar. Daga nan sauran za su zo da sauƙi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.